Amsa: wace anga ce ta dace da jirgi mai filafilai?

Malam, ka tambayi wace anga za ka saya wa jirginka mai tsawon mita 10, da inda za ka ajiye ta. Fara duba irin ƙasan da kake yawan sauke ta. In yashi ne ko taɓo, anga samfurin Rocna ko Spade mai nauyin kilo 15 da sarƙa mai kaurin milimita 8 za su wadatar, don ko iska ta juya suna sake kama ƙasa da kansu. Anga samfurin Danforth kam gwana ce a laka mai laushi, amma in jirgi ya juya takan tumɓuke ta ƙi cafkewa, shi ya sa na fi son ta zama ta biyu.

Babbar ta zauna a goshin jirgi, a sa mata ƙusa ko a ɗaure ta tamau, kada a bar nauyinta kan injin jan anga. Ƙarshen sarƙar kuwa a ɗaure shi da igiyar da wuƙa za ta iya yankewa in ta ɓaci. Wajen saukewa, ka saki sarƙa aƙalla ninki 5 na zurfin ruwan, kana lissafawa da cikowar teku.