Amsa kan man darbejiya da maganin fumfuna a gonar tumatir

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Mai-Wurno, ka ce farin ƙuda ya rufe maka tumatir da kuɓewa, ka fesa maganin kanti har ka gaji, ga tsada tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a 2023, kuma kana tambaya ko man darbejiya da maganin fumfuna, wato wanda ake yi da fumfuna don kashe ƙwari, suna aiki. Suna aiki, na daɗe ina noman rani da su a wajen Sinnar. Amma sai ka riga ƙwaron shiga gona. In ka bari ganye ya yi danƙo da abin da muke kira asala, wato ruwan zaƙin da ƙwaron ke zubarwa, ka makara.

Abin da ya same ka ya taɓa samun Jazira, babban yankin noman auduga, gaba ɗaya. A ƙarshen shekarun 1970 an yi ta feshin auduga da jirgin sama, gubar ta kashe ƙananan ƙwarin da ke cinye farin ƙuda, shi kuma ya saba da ita ya yaɗu, har audugar Sudan ta riƙa yin danƙo, darajarta ta faɗi a kasuwa. Don haka ƙara ƙarfin magani ba zai fisshe ka ba.

Darbejiya, wadda Larabawan nan ke ce wa nim, a ƙasar nan ma masana sun farga da ita. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta cinye komai ta bar ganyenta. Sinadarin da ke cikin ƙwallon yana hana ƙwaro cin abinci, yana kuma hana shi sauya fata ya girma. Shi ya sa ba za ka ga ƙwari sun zube nan take ba, sai bayan kwanaki ka ga 'ya'yan sun bushe a bayan ganye.

Ga yadda nake haɗawa. Man darbejiya mililita 5 a kowace lita ta ruwa, wato kamar 80 a famfon goyo mai lita 16. Ka fara kaɗa man da ɗan sabulu a kofi har ya yi fari kamar madara, sannan ka juye. In ba mai, ka tsinto 'ya'yan da suka nuna, ka wanke, ka shanya a inuwa su bushe sarai don kada su yi fumfuna, ka ɓare ka daka. Giram 50 a lita, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle. Feshi kuma da yamma liƙis, bakin famfo yana kallon sama, domin ƙwaron a bayan ganye yake zaune. Rana tana kashe ƙarfin maganin cikin 'yan kwanaki, sai ka maimaita duk mako. Kada ka kuskura ka fesa mai da tsakar rana a zafin nan namu, ganye zai ƙone.

Na fumfuna kuwa abu ne mai rai. Akwai Beauveria, wanda ke huda jikin ƙwaro ya tsiro a ciki, daga baya ka tarar da gawar ta lulluɓe da farin gari. Yana son raɓa da sanyi-sanyi, saboda haka da kaka ko hunturu ya fi kamawa. Wanda ya yini a rana a kan teburin mai kanti, kada ka ba da kuɗinka. Kada kuma ka haɗa shi da maganin kashe fumfuna a famfo ɗaya. Ɗan'uwansa Metarhizium shi aka sarrafa don kashe fara, an gwada shi sosai a Nijar a shekarun 1990, ana gauraya shi da mai don ya jure busasshiyar iska, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ko fiye kafin ya kashe.

Ka kuma ce wasu tumatir ɗin suna yaushi farat ɗaya da ganyensu kore. Yanko karan daga gindi ka tsoma a ruwa mai tsabta cikin kofin gilas. In ka ga wani farin abu yana sauka zare-zare, bakteriya ce ta toshe jijiyoyin ruwa. Man kanumfari da makamantansa suna kashe bakteriya a ɗakin gwaji, amma wadda ta shige cikin kara ba feshin da zai cim mata. Ka tumɓuke su ka ƙone, kada ruwan wannan kunyar ya gangara sauran, kuma baɗi ka sa dawa ko masara a wurin. Haka ma waɗanda ganyensu ya nannaɗe ya yi rawaya, cutar da farin ƙuda ke yaɗawa ce, cire su za ka yi.

Shuka ta gaba, ka rufe rainon da gidan sauro, ka fara feshin darbejiya tun makon dashe. Kuɓewar nan kuma ka nisanta ta da tumatir. Allah ya ba da albarka.