Na'urar da ke auna numfashi ba tare da ta taɓa jiki ba

Hajiya, kin ce an tallata miki na'urar rada a Ikeja, wai tana ƙirga numfashi da bugun zuciyar Baba daga nesa, kina tambaya ko gaskiya ne.

Gaskiya ne, ba siddabaru ba ne. Na'urar tana aika igiyar rediyo mai rauni, yawanci mai gigahaz 24 ko 60 (ma'aunin saurin kaɗawar igiyar ke nan), ta bugi ƙirji ta dawo. Numfashi na ɗaga ƙirji milimita kaɗan, bugun zuciya kuwa bai kai milimita ɗaya ba. Daga wannan motsin take lissafi, ta cikin riga da zanin rufa. Google ma ya sa irinta a Nest Hub, wata na'urarsa ta gida mai allo, a 2021 don lura da barci. Ba irin hasken hoton ƙashi ba ce, kada ki damu.

Matsalar tana nan: ba ta son motsi. Da zafin Legas ɗin nan, fanka na kaɗa labule, ko jika ya hau gadon, sai lissafin ya rikice, musamman na zuciya. Numfashi ta fi iya kamawa. Babban mutum a kwance yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti.

Hawan jini kuwa, kada ki dogara da wannan na'urar ki daina amfani da abin awon da ake ɗaurawa a hannu. In Baba na kukan ciwon ƙirji, a kai shi LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba a yi masa gwajin zuciya. Allah ya ƙara masa lafiya.