Almakashin tiyata na yi-ka-yar ko mai ɗorewa: wanne ya fi sauƙi ga muhalli?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, ina saro kayan tiyata a Idumota ina kai wa ƙananan asibitoci da gidajen karɓar haihuwa: almakashi, hantsaki, mariƙin allura da makamantansu. Kwanan nan aka kawo wasu na ƙarfe masu araha da ake cewa sau ɗaya ake aiki da su a yar. Wani dila kuma yana tallan nasa masu tsada da cewa kamfaninsu ba ya cutar da muhalli. Wata malamar jinya ta ce min duk zancen talla ne, ƙarfe ƙarfe ne. Mene ne gaskiyar magana, kuma wanne zan ba abokan cinikina shawara su saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Malamar jinyar ta yi gaskiya a rabi. Babu masana'antar kayan tiyata da ba ta taɓa muhalli. Amma ƙarfe ba ɗaya ba ne, kuma wani kaso na ɓarnar da almakashi ke yi wa muhalli ya riga ya yi shi tun kafin ya sauka a tashar Apapa. Saboda haka duk almakashin da aka yar da wuri, an sake jawo wannan ɓarna ne daga farko. A kayan ƙarfe, mai ɗorewa da ake iya gyarawa shi ne shawararmu.

Bari mu bi hanyar da hantsaki ɗaya ke bi. Garuruwa biyu ne suka yi suna wajen ƙera irin waɗannan kaya: Siyalkot a Pakistan da Tutlingen a Jamus. Ana farawa da ƙarfe marar tsatsa, wanda dole ya ƙunshi sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kayan yanka da na kamu, irin su almakashi da hantsaki, ana yin su da ƙarfe mai lamba 410 ko 420, domin yana karɓar tauri. Tire da kwanuka da gwangwanin auduga kuwa da mai lamba 304 ake yi, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Narka wannan ƙarfe yana buƙatar zafi sama da digiri 1,500, kuma nan ne wuta mai yawa ke tafiya. Kamfanin da ke narka tsohon ƙarfe ya fi wanda ke dogara da sabon haƙo sauƙin hayaƙi, domin haƙo nikel da kuromiyam da tace su aiki ne mai cin makamashi.

Daga nan a buga ƙarfen a maƙera ya ɗauki siffa, a yanke rarar gefe, a fitar da haƙora da gaɓa, a gasa shi a kusan digiri 1,000 a sanyaya da sauri don ya yi tauri, a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya zama mai karyewa. Sai wasawa da gogewa, inda ƙurar ƙarfe ke tashi. Idan babu injin zuƙe ƙura, huhun ma'aikata ne ke zama matatar ƙurar.

Matakin da ya fi shafar tambayarka shi ne wankin asid na ƙarshe. Ana tsoma kayan a asid domin ya cinye ɓurɓushin baƙin ƙarfe da ya maƙale a sama, ya bar kuromiyam ya haɗu da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani. Wannan fatar ce ke hana tsatsa. An saba amfani da asid ɗin naitirik, mai ƙarfin kashi 20 ko fiye, wanda ke fitar da hayaƙi mai guba. Kamfanoni da dama sun koma asid ɗin sitirik, irin na lemon tsami, a ƙarfin kashi 4 zuwa 10, kuma ƙa'idar ASTM A967, wadda ta tsara yadda ake wannan wanki, ta amince da duka biyun. Ko wanne aka yi amfani da shi, ruwan ɗaurayar yana ɗauke da narkakken ƙarfe. Masana'anta ta gari tana kashe tsamin ruwan, ta sa ƙarfen ya kwanta a ƙasa kamar laka, ta kwashe, sannan ta saki ruwan ko ta sake aiki da shi. Wadda ke neman araha ko ta halin ƙaƙa sai ta tura shi kwata.

To, kayan yi-ka-yar ɗin nan sun bi kusan duk waɗannan matakai, sai dai an taƙaita gogewa da wankin asid, tunda ba a sa ran su ga tukunyar tururi ta kashe ƙwayoyin cuta sau biyu. Ƙari a kan haka, kowanne na zuwa cikin ledarsa, an riga an kashe masa ƙwayoyin cuta a masana'anta, ko da hasken gamma da ke fitowa daga sinadarin kobalt-60 ko da iskar etilin oksaid. Ita wannan iska tana jawo ciwon daji. A Amurka kusan rabin kayan asibitin da ake tsabtacewa da ita ake yi, kuma a 2024 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta fitar da dokar rage fitarta daga irin waɗannan masana'antu da fiye da kashi 90. Wani rahoton ƙungiyar Health Care Without Harm na 2019 ya ƙiyasta cewa fannin lafiya na fitar da kashi 4.4 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma kashi 71 na wannan daga ƙera kaya da jigilarsu da zubar da su yake fitowa. Akwai kuma abin da kowa ya sani a nan: kayan arahar da aka rubuta wa "sau ɗaya" ba kasafai ake yar da su ba. Wankewa ake yi a sake, su yi tsatsa a gaɓa, jini ya riƙa ɓuya a ramukan tsatsar. An yi asara biyu ke nan.

Kada a fahimce mu a baibai. Allura, sirinji, reza ta wuƙar tiyata, robar ƙarin ruwa da safar hannu, waɗannan sau ɗaya ne, babu ciniki. A irinsu abin dubawa shi ne nau'in robar. Ledar ƙarin ruwa ta PVC idan aka ƙona ta a rami bayan asibiti tana fitar da gubar dayoksin, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke son tanderun da ya kai digiri 850 zuwa 1,100.

Shi kuma dilan mai tsada, kada ka karɓi maganar baki. Nemi lambar rajistar NAFDAC. Nemi takardar ISO 13485 ta ingancin ƙera kayan asibiti da ISO 14001 ta kula da muhalli, ka duba sunan masana'antar da ranar ƙarewa, domin wani lokaci takardar ta wani kamfani ce daban. Ita ISO 14001 ba shaidar tsarki ba ce, tana nuna dai akwai tsari da ake bi. Tambaye shi lambar ƙarfen, da irin asid ɗin da suka yi amfani da shi, da kuma ko suna karɓar gyara. Mariƙin allura mai hannu ruwan zinare alama ce ta cewa bakinsa na da guntun ƙarfe mai tauri da ake kira tangistin kabaid, wanda ake iya canzawa idan ya cinye ba tare da an yar da sauran jikin ba. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi a kasuwa yaudarar kai ne: almakashi na gari yana kama maganaɗisu, haka ƙarfe 420 yake.

Sai dai ko ka kawo mafi kyau, a Legas ana iya kashe shi cikin watanni. Iskar gari na da laima da gishirin teku, ruwan burtsatse a unguwanni da yawa na ɗauke da gishiri ko baƙin ƙarfe, kuma gishiri shi ne babban maƙiyin waccan fata siririya. Babbar illa ita ce tsohuwar al'adar jiƙa kaya a ruwan bilic kafin wanki. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 kan tsabtace kayan asibiti ta daina ba da wannan shawara, domin kulorin yana huda ƙarfe. Ka faɗa wa abokan cinikinka su goge jini nan take kafin ya bushe, su buɗe gaɓoɓi, su wanke da sabulun ruwa marar kaifi da buroshi mai laushi, ban da soson ƙarfe. Kada su jiƙa a ruwan gishirin ƙarin ruwa. Ɗaurayar ƙarshe da ruwan tukunyar tururi su zama tataccen ruwa. A busar sarai, a ɗiga wa gaɓa man kayan tiyata wanda tururi ke ratsawa, ba man keken ɗinki ba. A tukunya, digiri 134 na aƙalla minti 3, ko digiri 121 na minti 15 zuwa 30 gwargwadon naɗin kayan. Hantsakin da ya fara tsatsa a ware shi, domin yana shafa wa na kusa.

Tukunyar ma tana da nata lissafin. Inda janareta ke ba da wuta, kunna ta don hantsaki uku ɓarnar man dizal ne da ruwa, kuma yana rage ribar da kayan masu ɗorewa ke da ita. A tara lodi ya cika ba tare da cunkoso ba, a kuma cire daga tire kayan da likita ba ya taɓawa amma ake dafawa kullum.

Idan kaya ya mutu murus, ƙarfe marar tsatsa yana narkuwa a sake yin wani abu da shi. Amma kada ya isa hannun 'yan jari-bola sai an wanke an dafa shi a tukunya, an kuma lanƙwasa ko an karya shi, don kada ya zagayo kasuwa a matsayin sabo. Reza da allurai kuwa akwatin kaya masu kaifi za su shiga, a miƙa wa masu kwasar sharar asibiti da LAWMA, hukumar kula da shara ta Legas, ta amince da su, kada su bi motar sharar gida zuwa bolar Olusosun inda mutane ke tono da hannu.