Amsa ga 'yar'uwar da tifa ta buge mijinta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah Ya ba maigidan naki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Kin ce tifar yashi ta buge shi a kan babur, cinya ta karye, direban yana hannun 'yan sanda kuma ba shi da ko sisi. Mai motar ya aiko da naira dubu 200 da wata takarda, yana so ku sa hannu cewa magana ta ƙare. Kina tambayar wa ke da alhakin biya, kuma ko ku karɓa.

Kuɗin magani ku karɓa, a rubuta cewa na magani ne. Amma waccan takardar, don Allah kada ku sa mata hannu yanzu. Mu mun sa, shi ya sa nake gaya miki.

Yayana motar wani kamfanin ruwan leda ce ta kaɗe shi. Kwana huɗu da yin abin manajansu ya zo da dattawan unguwarmu, aka yi addu'a, aka ce ƙaddara ce, aka ajiye kuɗi. Ni na rattaba hannu a madadin gida, don a lokacin gani nake karaya ce kawai, wata biyu zai miƙe. Bayan wata biyar ƙashin bai haɗe ba. Sai da aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe. Tela ne, da ƙafa yake taka keke, ya fi shekara bai zauna a shago ba, ga 'ya'ya shida. Da muka koma kamfanin, manajan bai ɗaga murya ba, takardar kawai ya zaro daga durowa ya nuna mini sa hannuna. Lauyan da muka gani daga baya ya ce warware irin wannan yarjejeniya abu ne mai wuyar gaske. Har yau idan na ga yayana yana ɗingishi zuwa masallaci, ranar nan nake tunawa.

Daga baya wani malami ya faɗa mini abin da ya ƙara taɓa zuciyata: a fiƙihun Malikiyya ba a ƙiyasta diyyar rauni sai ya warke, don sai a lokacin ake sanin ko ya bar naƙasa. Kuma malamanmu tun da can sun ɗora lamuni a kan wanda ke kan dabba, da mai janta, da mai korarta, idan ta taka mutum. Wato imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai ganganci nauyi ba. Yafiya alheri ce babba, amma haƙƙin mijinki ne, shi zai yafe idan ya so, bayan ya san girman abin da yake yafewa.

Game da wanda zai biya, a nan mutanenmu suka fi yin asara, sai a maƙale wa direba. Shari'ar da 'yan sanda za su kai kan tuƙin ganganci ta hukunta shi ce. Ko alƙali ya haɗa da umarnin biyan diyya, me za a tatsa a jikin wanda ba shi da komai? A doka, idan direba ya yi sakaci yana bakin aikin ubangidansa, ubangidan ma alhaki ya hau kansa, ana haɗa su biyun a ƙara ɗaya. Tifa ɗauke da yashi a hanyar kai wa mai gini ai aiki ne ƙarara. Inda mai mota kan nemi zamewa shi ne ya ce direban ya ɗauki motar ne don sha'anin kansa, ko kuma ya riga ya sayar masa da ita biya sannu-sannu. Don haka ku binciko sunan da ke kan takardun motar, da wanda ya aike shi a ranar.

Sai inshora, wadda a lokacin ko a raina ban kawo ta ba. Wajibi ne kowace mota ta yi inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna. A Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mai da kuɗin yankarta naira 15,000 ga ƙananan motocin gida, manyan motocin dakon kaya kuma 100,000 a shekara. Takardun jabu sun yi yawa, amma ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID a intanet a ga ko ta gaske ce. Idan ta gaske ce, a sanar da kamfanin a rubuce da wuri.

Wata gaskiya kuma da ya kamata ki sani: idan aka samu mijinki da wani kaso na laifi, kamar bin hannun da ba nasa ba, kotu na rage diyyar gwargwadon hakan. Ragewa ake yi, ba a soke ta gaba ɗaya.

Ku adana komai: rahoton 'yan sanda da zanen wurin haɗarin, hoton ƙashi, rahoton likita, hoton babur ɗin kafin a gyara, lambobin shaidu, da kowane rasit ko da na allura ɗaya ne. Na san za a ba ku shawarar mai ɗori. Ban raina sana'arsu ba, sai dai karayar cinya ba abin wasa ba ce, kuma kotu da kamfanin inshora takardar asibiti suke dubawa. Ki riƙa rubuta abin da yake samu a rana kafin haɗarin da kwanakin da ya yi a kwance, don asarar neman abinci ma tana cikin lissafi.

Kada a ja lokaci, shigar da ƙara na da wa'adi. Idan ma motar ta wata hukumar gwamnati ce, wa'adin kan iya zama wata 3 kacal. In ba ku da kuɗin lauya, ku je ofishin Legal Aid (hukumar ba da tallafin lauya) na jiharku, ƙarar haɗari tana cikin abin da suke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ki tafi musu da takardar nan ta mai tifa su karanta kafin kowa ya taɓa biro, kuma a sa wani namiji daga dangin mijinki ya shaida wa dattawan, cikin girmamawa, cewa za a zauna sulhu bayan likita ya faɗi matsayin ƙafar.