Wanda Ya Bar Ashar Don Kunyar Mutane, Yana da Lada?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Mu huɗu muke aiki wuri ɗaya, ni kaɗai ne bakina ya saba da ashar, da wasa da fushi duka. Na tambayi sauran abin da ya hana su. Ɗaya ya ce ganin girman mutane yake yi, ba zai iya furta irin wannan a gaban manya ko yara ba. Na biyu ya ce gyaran hali yake yi, yana so ya koyi haɗiye fushi. Na uku Kirista ne, ya ce addininsa ya hana shi, kuma tun da na san shi ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Abin ya tsaya mini a rai. Biyun farko suna da lada, ko riya ce tunda ba su ce don Allah suka bari ba? Ya halatta in yi koyi da Kiristan? Ashar ɗin da nake yi da wasa kuma, laifi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, da tambayarka ta ƙarshe zan fara, don ita ce ta shafe ka kai tsaye.

Zagi da ashar haramun ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa Manzon Allah (SAW) ya ce zagin Musulmi fasiƙanci ne, yaƙarsa kuwa kafirci. Tirmizi ya ruwaito daga shi dai cewa mumini ba ya zama mai yawan suka, ko mai yawan la'anta, ko mai alfasha, ko mai ƙazamin baki. Hadisin na biyu bai sa sharaɗin sai akwai wanda aka nufa ba, ita kanta mummunar maganar ce ba ta dace da bakin mumini ba. Don haka cewa da wasa kake yi bai wanke ka ba. Wasa yana rage zafin cutarwa idan abokin naka bai ji ciwo ba, amma kalmar ta riga ta fita, kuma Allah ya ce a Suratu Ƙaf, aya ta 18, mutum ba ya furta wata magana face akwai mai tsaro a tare da shi, a shirye.

Mafi yawan ashar kuwa iyaye take taɓawa, nan ne abin ya fi muni. A hadisin Abdullahi ɗan Amr, Manzon Allah ya ƙirga zagin iyayen kai cikin manyan zunubai. Sahabbai suka yi mamaki, suka ce ta yaya mutum zai zagi iyayensa? Ya ce: ya zagi uban wani, wancan ya zagi ubansa, ya zagi uwar wani, wancan ya zagi uwarsa. Ka dubi yadda abin yake faruwa. Kun zauna ana raha, ka ambaci uwar abokinka, shi ma ya dara ya mayar maka da irinta. Kowa ya yi dariya an tashi. Ita baiwar Allah tana can ba ta san an yi ba, wataƙila ma a wannan lokacin addu'a take yi maka, kai kuma kai ne ka jawo aka ci mutuncinta. Idan kalmar ta kai ga jifan mutum da zina ko kore shi daga ubansa, kuma aka faɗe ta da gaske, to an shiga babin ƙazafi, wanda Suratun Nur aya ta 4 ta yanke wa bulala 80. Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya faɗa a Risala cewa akwai haddi a kan kore mutum daga nasabarsa, har ma a kan habaici.

Sai abokanka biyu. A nan akwai abu biyu da mutane ke haɗawa: kuɓuta daga zunubi, da samun lada. Malaman usulu sun ce barin abin da aka hana ba ya buƙatar niyya kafin mutum ya kuɓuta. Wanda bai yi zagi ba, ba a rubuta masa zunubin zagi, ko mene ne ya hana shi. Lada kuwa sai da niyya. A hadisin Ƙudusi da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah yana ce wa mala'iku game da bawan da ya yi nufin aikata mummuna: idan ya bar shi saboda ni, ku rubuta masa shi a matsayin kyakkyawa. Ibnu Rajab, wanda ya rasu a 795 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a kan wannan ƙaidi na "saboda ni" a sharhinsa na hadisan Nawawi.

To amma kada ka yi saurin kiran abin nasu riya. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Riya ita ce mutum ya nuna wa jama'a ibada ko tsoron Allah don su yaba masa. Wanda ya kame bakinsa don yana jin nauyin dattijo, ko don kada yaro ya ɗauka a bakinsa, kunya ce ta hana shi, kuma Manzon Allah ya ce kunya ba ta zuwa sai da alheri, ya kuma ce reshe ce daga imani. Girmama babba da tausaya wa ƙarami shari'a ce ta yi umarni da su. Shi ma mai son koyon haɗiye fushi, abin da Suratu Ali Imrana aya ta 134 ta yabi masu taƙawa da shi yake nema. Wani mutum ya zo wurin Annabi ya ce a yi masa wasiyya, ya ce masa kada ka yi fushi, ya yi ta maimaita tambayar, amsar ba ta canja ba. Musulmi da yawa idan ka tambaye su dalili sai su ce "ba kyau" ko "ba tarbiyya ba ce", alhali a ƙarƙashin wannan amsa akwai sanin cewa Allah ba ya so. Ba a kan lafazin amsa ake hukunci ba, niyya a zuci take, mu kuwa ba mu tsaga zukatansu mun gani ba.

Abin da zan ce musu shi ne su ɗora niyyar neman yardar Allah a kan dalilin da suke da shi, ba sai sun jefar da shi ba. Akwai kuma awon da kowa zai iya yi wa kansa. Wanda mutane kaɗai yake jin kunya, bakinsa yakan kwance idan babu wanda yake jin nauyi: a gaban yaron da ke aiki ƙarƙashinsa, ko matarsa bayan an rufe ƙofa, ko a intanet da sunan da ba nasa ba. Wanda ya ga harshensa bai canja ba a waɗannan wurare, ya gode wa Allah.

Game da abokinka Kirista, gaskiya ya faɗa maka. A littafinsu, cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura ta 4 aya ta 29, an hana su barin ruɓaɓɓiyar magana ta fita daga bakinsu, an umarce su da wadda za ta amfani mai ji. Wannan bai zama baƙon abu a gare mu ba. A Suratul Baƙara aya ta 83 Allah ya ambaci alkawarin da ya riƙa daga Bani Isra'ila, a ciki har da cewa ku faɗa wa mutane kyakkyawar magana. Tsarkin harshe tsohon umarni ne da annabawa suka zo da shi.

Yarda da halin kirki a wurin wanda ba Musulmi ba adalci ne. A Sahihu Muslim, Amru ɗan Asi ya lissafa kyawawan halayen Rumawa, waɗanda Kiristoci ne, ya ce sun fi kowa haƙuri lokacin fitina, sun fi saurin farfaɗowa bayan musiba, sun fi kyautata wa miskini da maraya da mai rauni. Sahabi ne ya faɗi haka, bai ga ya rage masa komai a addininsa ba. Saboda haka idan ka bar ashar bayan ka ga wannan mutumi, ba kamanceceniya da wani addini ka yi ba, sunnar Annabinka ka koma wa. Anas ɗan Malik, wanda ya yi masa hidima shekara 10, ya ce Manzon Allah bai kasance mai zagi ba, ko mai alfasha, ko mai la'anta. Abin da ya dame ni a tambayarka shi ne a ce Musulmin ne aka sani da ashar a wurin aiki, domin wanda ba Musulmi ba a bakinka yake fara jin Musulunci kafin ya buɗe wani littafi.

Ladan Lahira, a aƙidarmu, yana rataye da imani da Allah da Manzonsa. Amma Allah ba ya zaluntar kowa: Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wanda bai yi imani ba ana saka masa da kyawawan ayyukansa tun a duniya. Hakim ɗan Hizam kuma, da ya tambayi Annabi game da sadaka da 'yanta bayi da sada zumuncin da ya yi kafin ya musulunta, sai ya ce masa ka musulunta a kan alherin da ka gabatar. Ba ka san da me za a cika wa kowa ba, kai ko shi. Naka shi ne ka kyautata masa zama, ka roƙa masa shiriya, kuma kada ka taɓa zagin abin da yake bauta wa ko da gardama ta yi zafi, domin Suratul An'am aya ta 108 ta hana wannan ƙarara.

Kai kuma ka tuba, ka nemi yafiyar waɗanda ka san zaginka ya ɓata musu rai. Baki da ya saba ba ya dainawa rana ɗaya. Duk lokacin da ta suɓuce maka ka bi ta da istigfari nan take, a bayyane, ko da a gaban abokan ne. Idan fushi ya taso ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan ka yi shiru, in kana tsaye ka zauna, kamar yadda ya zo a hadisi. Idan kuma wani ne ya fara zaginka, shari'a ta ba ka damar ramawa daidai da abin da aka yi maka, matuƙar babu ƙarya ko ƙazafi a ciki, yafewa kuwa ta fi. Amma ko ya zagi iyayenka, ba ka da izinin zagin nasa, don su ba su yi maka komai ba.

Allah ne mafi sani.