Tsofaffin Finafinan Ban Tsoro: Amsoshin Tambayoyinku

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa ya biya kuɗi an tura masa Nosferatu a waya, sai ya tarar babu magana a ciki, yana tambaya ko ya koma ya karɓi kuɗinsa. Malam, babu wanda ya cuce ka a nan. F. W. Murnau ya shirya fim ɗin a Jamus a 1922, kafin finafinai su fara magana, kuma da ka tambaya kafin ka miƙa kuɗi da ka huta.

Inda ake cutar masu saye daban ne, kuma ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. An ɗauki yawancin wuraren dare na wannan fim da rana, sannan aka rina su da shuɗi domin mai kallo ya gane dare ne. Gurɓatattun kwafin da ke yawo sun zubar da rinin, sai ka ga Count Orlok, dodon fim ɗin mai shan jini, wanda hasken alfijir ke hallakawa a ƙarshen labarin, yana ratsa gari rungume da akwatin gawarsa cikin rana ƙwal. Wasu kuma an ƙara musu gudu har mutane suna tafiya kamar ana korar su. Wannan fim ne da kotu ta ba da umarnin a lalata a 1925 bayan ƙarar matar Bram Stoker, marubucin littafin Dracula, kan an ɗauki labarin littafin ba da izini ba, ya kuɓuta da ƙyar, don haka bai cancanci irin wannan wulaƙanci ba. Ka sa mai shago ya kunna maka a gabanka, ka tsallaka zuwa wuraren dare, idan ba ka ga shuɗin ba ka riƙe kuɗinka.

Wani kuma daga Kaduna ya ce an yi masa tayin cikakken London After Midnight na jarumi Lon Chaney a intanet. Kada ka tura ko sisi. Fim ɗin na 1927 ya ɓata, kwafin ƙarshe da aka sani ya ƙone a gobarar ma'ajiyar kamfanin finafinai na MGM a shekarun 1960. Abin da ake samu hotunan tsaye ne da aka jera a 2002.

Wata uwa daga Katsina tana cikin damuwa saboda ɗanta mai shekara 12 ya nace sai ya kalli Frankenstein. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kin kyauta da kika tambaya. Na 1931, wanda Boris Karloff ya fito a matsayin dodon, babu zubar da jini irin na finafinan yanzu, kuma tausayin dodon ya kan rinjayi tsoronsa. Sai dai akwai wurin da ya jefa wata yarinya a tafki ta nutse, wanda ke iya tsaya wa yaro a rai. Ki fara kallonsa ke kaɗai, sannan ku zauna ku kalla tare da shi da rana, kada ki bar masa wayar ya shige ɗaki da ita da dare.