Zuwa ga ƙanwata mai shirin tahowa Ingila da ciki

Assalamu alaikum ƙanwata. Ya ƙarfin jiki, ya Dada, ya mutanen Jekadafari?

Saƙonki ya iso. Kin ce kin samu gurbin digiri na biyu, za a fara karatu a watan Satumba, lokacin cikinki ya kai wata biyar. Haihuwarki ta fari aiki aka yi miki, kuma likitan da ke duba ki a wurin awo ya ce da alama wannan ma sai an yi. Kina son sanin yadda ake yin aikin a nan, da kwana nawa mutum yake yi kafin ya koma aji, da kuma ko yaron zai samu takardar zama ɗan ƙasa.

Bari in sallami ta ƙarshen, ba ta da tsawo. Tun ranar 1 ga Janairun 1983 Birtaniya ta daina bai wa jariri zama ɗan ƙasa don kawai a ƙasarta aka haife shi, sai in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Ɗan ɗaliba koren fasfo zai riƙe irin namu. Masu gaya miki akasin haka da Amurka suke rikitawa. Kuɗin asibiti kuwa ba abin da zai hana ki barci ba ne. Wajen neman biza za ki biya kuɗin lafiya, fam 776 a kowace shekara ga ɗalibi, kuma shi ya ɗauke awo da sikanin da tiyata da gado a asibitocin gwamnati na NHS.

Kafin ki bar Gombe, ki koma asibitin da aka yi miki aikin farko ki karɓi bayaninsa a rubuce: me ya sa aka yi, kuma wane irin yanka aka yi wa mahaifa. Tabon da kike gani a fata ba shi ne ke nuna na ciki ba. In a kwance aka yanka ƙasan mahaifa, likitocin nan za su zaunar da ke su ba ki zaɓi, ko a sake aiki ko ki gwada haihuwa da kanki. Lissafinsu shi ne cikin mata huɗu da suka gwada bayan aiki ɗaya, kusan uku suna haihuwa da kansu, tsohon ɗinkin kuma yakan buɗe wa kamar mace ɗaya cikin 200. In kuwa a tsaye aka yanka sama, ba za su so ki yi naƙuda ba sam. Ba takarda a hannunki, sai su yi ta lalube. Ki haɗa da katin awo da sakamakon sikanin da na gwajin jini.

In an tsaya a kan aiki, rana za a ba ki, galibi daga mako na 39, don huhun yaro ya gama ƙwari. A lissafinki wajen tsakiyar Janairu ke nan. Kafin ranar za a ɗebi jininki, a ba ki ƙwayar rage tsamin ciki, a ce ki daina cin abinci kamar awa shida kafin a shiga da ke, ruwa zalla kuma a bar ki ki sha har saura awa biyu. Ki je da haƙurinki: ko an ce ke ce ta farko, in aka kawo wadda ke cikin haɗari ita za a fara shiga da ita, ke kuma ki yi ta zama da yunwa cikin rigar asibiti da doguwar safa mai matse ƙafa.

Ɗakin tiyatar cike yake da mutane, maza da mata. Kina iya roƙon mace ta yi miki, za su saurare ki, amma ba alkawari, wanda ke bakin aiki ranar shi zai yi. Kanki dai za su ba ki hular da za ki rufe. Za a zaunar da ke a bakin gado, ki rungumi filo ki sunkuya ki turo gadon baya, a fesa miki wani abu mai sanyin tsiya, sannan a yi allurar kashe zafi a ƙasan gadon baya. Nan da nan ƙafafu su ɗau ɗumi, su yi nauyi, ki nemi ɗaga su ki kasa. Ba za su taɓa ki da wuƙa ba sai sun gwada ki da abu mai sanyi daga ciki zuwa ƙirji suna tambayarki ina kika fara ji. A nan kada ki yi musu kawaici. In kin ji, ki ce kin ji. Daga nan a sa robar fitsari, a tare tsakaninki da cikinki da labule.

Zafin yanka ba za ki ji ba, amma za ki ji ana ja ana dannawa, har gadon ya riƙa motsi. Wasu kan yi rawar sanyi haƙora na haɗuwa, wasu zuciyarsu ta tashi saboda jini ya sauka. Mai allurar yana tsaye a kanki, ki faɗa masa, yana da maganin a hannu. Yankan a kwance yake a ƙasan mara, tsawon santimita 10 zuwa 20. Yaro kan fito da wuri, sauran lokacin duk na ɗinki ne, gaba ɗaya minti 40 zuwa 50, ko da yake aiki na biyu yakan ɗan fi daɗewa saboda tsohon tabo. In lafiya lau yake, a ƙirjinki za a ɗora shi ana cikin ɗinkin. Mutum ɗaya ake bari ya shigo ya zauna ta wajen kanki, kuma in ya ce zai yi wa yaro huɗuba ba mai hana shi. Mabiyiya ma in kina son a ba ki ku binne, ki faɗa tun a wurin awo a rubuta, in ba haka ba tare da sharar asibiti za ta tafi.

Wannan duk mai sauƙin ne. Aikin da kansa ban taɓa jin tsoronsa a ƙasar nan ba. Abin da ke bayansa nake jiye miki.

Robar fitsari takan yi kamar awa 12. Da ƙafafu sun dawo za su ce ki tashi ki taka, ranar ko washegari. Tashin farkon nan ba daɗi, sai kin ji kamar cikin zai zube ƙasa, amma shi ke hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa, shi ke sa iska ta fita. Iskar nan ba wasa ba ce, har a kafaɗa ake jin ciwonta. Kwana ɗaya ko biyu, in ba matsala, sai a ce ki tafi gida. Ki karanta wannan da kyau: kwana ɗaya ko biyu. Za a haɗo ki da farasitamol da ibuprofen, da maganin laushin bayan gida, wasu kuma da allurar tsinka jini da za su riƙa yi wa kansu kullum na kwana goma, ko mako shida in haɗarin ya fi yawa. Allurar nan, irin su Clexane, daga hanjin alade ake samo sinadarinta. Na gaya miki tun yanzu ne don ki tambayi malaminki da likitarki a natse, kada ki ji a bakin wata bayan an sallame ki ki watsar da ita. Gudan jini in ya tafi huhu kisa yake yi, lalura kuwa kin san hukuncinta.

A gida, tashi daga kwance sai kin mirgina gefe, ki sauko da ƙafafu, ki tura jiki da hannu. Tari ko atishawa ko dariya, ki danna filo a kan ɗinkin tukuna. Ki nemi manyan kamfai na auduga masu hawa har cibiya, don ƙananan a daidai kan ciwon suke zama, haka ma gefen zani in kin ɗaura shi ƙasa. Ciwon a wanke shi da ruwa kullum, a tsane shi da tawul mai tsabta, a bar shi ya sha iska. Ungozomar asibiti za ta biyo ki gida, ta duba ki, rana ta biyar ta ɗebi jini a dugadugin yaro, in zaren ba mai narkewa ba ne ta cire shi tsakanin kwana biyar da bakwai. Jinin biƙi zai zo kamar na kowace mai jego, aiki ba ya hana shi, kuma a wurinmu Malikawa iyakarsa kwana sittin. In ya ɗauke kin yi wanka amma ruku'u da sujada suna ja miki ɗinki, ki yi sallarki a zaune. Zazzaɓi, ko ciwon ya yi ja ya kumbura yana ruwa, ko jini ya ɓalle, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ciwon kai mai tsanani, ki kira sashen masu haihuwa ko da tsakar dare ne. Numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya riƙe, ki kira lambar gaggawa ta 999 kai tsaye.

Na san Goggo za ta kira ta tambaya ko kina wanka, tana nufin na tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya. Ki ce mata kina yi da ruwan ɗumi, ki gaishe ta da kyau. Ba a fyaɗa wa sabon ɗinki ruwan zafi, ba a gasa shi, ba a ɗaure shi tamau da zani, balle fatar wurin takan mutu na ɗan lokaci, ki ƙone ba ki sani ba. Kunun kanwa ma ki bar shi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa da kanwa da zafin da ake gasa su da shi. Ba shi kaɗai ne dalili ba, amma mai hawan jini ba ta da abin nema a wurin. Kunun gyaɗa, farfesu, ruwa mai yawa, waɗannan ki sha ki ƙoshi.

Sai dai in faɗi gaskiya, al'adarmu ta jego ba ruwan zafin ne amfaninta ba. Amfaninta shi ne kwana arba'in mai jego ba ta ɗora tukunya, ba ta wanki, ba ta shara. Wata ta karɓi yaro ta ce ki kwanta, wata ta kawo tuwo, wata ta tafi da babban. Abin da likitan nan zai ce miki shi ne kusan wannan ɗin: har mako shida kada ki ɗauki abin da ya fi jaririnki nauyi, kada ki yi tuƙi sai kin warware, kada ki wahalar da kanki. Zai faɗa, amma ba zai ba ki wanda zai yi miki ba. Gidajen nan matakala gare su, siririya mai tsayi, sau da yawa banɗaki a sama kicin a ƙasa. Janairu ne, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, sanyi na shiga ƙashi, maƙwabcinki bai san sunanki ba. Yaro na kuka a gadonsa taku biyu daga inda kike kwance, sai kin yi dabarar mirginawa kafin ki kai gare shi. Na ga mata masu ƙarfin hali sun zauna a wannan halin suna kuka tare da jaririn. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma dokar bizar ɗalibai ta canja. Daga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu irin na zaman aji ba ya tahowa da iyali a bizarsa, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ma'ana maigidanki da babban yaronki ba za su biyo ki a takardarki ba. Abin da ya rage shi ne bizar ziyara, mai iyakar wata shida, ga shi ko ga Dada, ita ma ana iya bayarwa ana iya hanawa. Yawancin ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa karɓar jariri, sai kin kama haya a waje. Janairu kuma a jami'o'i da yawa lokacin jarrabawa ne da miƙa ayyukan zangon farko. In kika ce za ki dakatar da karatu, hutun da ya wuce kwana 60 yakan sa jami'a ta sanar da hukumar shige da fice, a yanke bizar. Kin tambayi yaushe za ki koma aji. Da mai taimako a gida, wasu kan fara leƙawa bayan mako shida. Ba mai taimako, ban ga yadda za a yi ba.

Da ni ce ke, yau zan rubuta wa jami'ar in nemi su ɗaga mini gurbin zuwa Satumban baɗi. Da yawansu suna yarda, ciki kuma dalili ne da suke ganewa. Ki haihu a Gombe, a asibitin koyarwa na tarayya ko duk inda akwai likitan mata da bankin jini da mai allurar barci a kusa, a sa miki rana tun da wuri, a tanadi masu ba da jini. Ki yi arba'in ɗinki a ɗakin Dada, ki dai tsare cikinki daga tukunyar Goggo. In kuma tallafin karatun ba ya ɗaguwa, dole sai bana, to kada ki sayi tikiti sai an san wa zai zo ya zauna da ke daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, kuma an fara neman bizarsa. Kina sauka ki yi rajista da likitan unguwa, ki kai kanki sashen awo a makon farko, ki sanar da ofishin kula da ɗalibai cewa kina da ciki. Ranar suna kuma a yanka ragon a gida, ya fi sauƙi, a turo miki hoto. Rajistar haihuwa a Ingila kwana 42 ake bayarwa.

Ki turo mini sunan garin da jami'ar take, in bincika ko akwai matanmu a kusa, da hoton takardar aikin farkon in kin karɓo. Ki gaida Dada da Hamma, ki shafa mini kan babban yaya. Allah ya raba lafiya.

Addarki